Kundin Aikin Tukunyar Matsi: Samar da Bayogas Mai Inganci daga Ruwan Mayanka

4 ga Nuwamba, 2024

Yau muka kammala haɗa tukunyar matsi a ɗakin gwaji, kuma daga yau zan riƙa rubuta abin da ya wakana a wannan kundi, domin abokan aiki da ɗaliban da za su ɗora daga inda muka tsaya su samu labarin a jere. Manufar aikin ita ce a ɗebo gurɓataccen ruwan da ke fita daga mayanka, mai ɗauke da jini da kitse da wankin tumbi, a zuba shi cikin rufaffiyar tukunya wadda iskar oksijin ba ta shiga, a bar ƙananan halittu su cinye dattin su fitar da bayogas, sannan a hana gas ɗin fita har sai ya tara matsi da kansa. Ba mu sa wani inji da zai danna iskar ba, halittun da ke cikin lakar da za a zuba a tukunyar su ne za su yi wannan aiki.

Bayogas da ake samu daga ramin kashin shanu na yau da kullum yakan ƙunshi metan, wato iskar da ke kama wuta, kashi 50 zuwa 70 cikin 100, sauran kuma yawanci kabon dayoksaid ne, wanda ba ya kama wuta, sai dai ya ci wuri ya rage ƙarfin harshen wutar. A manyan masana'antu akan raba su da na'urori masu tsada bayan gas ɗin ya fito. Dabarar da muke gwadawa tana neman a yi rabon tun a cikin tukunya, kuma ta dogara ne a kan ƙa'idar da William Henry, wani masani ɗan Ingila, ya bayyana a 1803, cewa yawan iskar da ke narkewa a ruwa yana ƙaruwa daidai gwargwadon matsin wannan iska a saman ruwan. Kabon dayoksaid ya fi metan narkewa a ruwa fiye da sau ashirin, saboda haka idan matsi ya hau, mai yawa daga cikinsa zai nutse a ruwa, metan kuwa ya tsaya a sama.

Ba mu muka faro wannan tunani ba. Ralph Lindeboom da Jules van Lier da abokan aikinsu a ƙasar Holan sun wallafa sakamakon gwajinsu a 2011, inda suka nuna cewa halittun da ke yin metan suna iya tara matsi har zuwa bar 90 (bar ɗaya kusan daidai yake da matsin iskar da muke zaune a cikinta) ba tare da sun mutu ba, kuma gas ɗin da ya taru metan ɗinsa ya haura kashi 90 cikin 100. A Jami'ar Hohenheim ta Jamus ma an yi gwaji da tukunyar da ake ciyarwa kullum, aka ga metan ya tashi daga kusan kashi 66 a matsi na bar 1 zuwa kusan kashi 75 a bar 9, amma ruwan ya ƙara tsami. Wannan gaɓa ta biyu ita ta fi jan hankalina, domin tana nuna cewa kabon dayoksaid ɗin bai ɓace ba, wurin zama kawai ya sauya, kuma ruwan da ya karɓe shi sai ya ji a jikinsa.

Tukunyarmu ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce, mai cin lita 10. Lita 8 na ruwa da laka ne, lita 2 na sama kuma wurin taruwar gas. A gefenta akwai wata tukunyar mai girma ɗaya wadda ba za a rufe wa gas hanya ba, za ta riƙa hura shi cikin jakar roba, kuma da ita za mu riƙa kwatanta komai.

12 ga Nuwamba, 2024

Kafin a zuba ko da cokali ɗaya na laka, mun gwada ƙarfin tukunyar da ruwa zalla. An cika ta maƙil aka danna da famfon hannu har bar 10, aka bar ta a haka tsawon yini. Da ruwa ake wannan gwaji ba da iska ba, saboda ruwa ba ya matsuwa, idan walda ta buɗe tsartuwa kawai zai yi, amma iskar da aka matse tana iya tarwatsa ƙarfe ta raunata mutum. Waldar ta riƙe. Wani ɗan yoyo ya bayyana a mahaɗar agogon matsi lokacin da muka koma gwajin iskar naitirojin da kumfar sabulu, aka sake robar toshi aka ɗaure, ya tsaya.

Mun tsaida ƙa'ida cewa aikin ba zai wuce bar 6 a agogo ba, kuma an saita bawul ɗin tsaro ya buɗe da kansa a bar 7, bututunsa ya fita ta taga zuwa waje. Metan yana fashewa idan ya gauraya da iska tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100, don haka an fitar da risho da duk wani abin kunna wuta daga ɗakin. Wani ɗalibi ya kawo shawarar a yi amfani da tsohuwar tukunyar gas ta girki don a rage kuɗi. Ban yarda ba, domin ƙarfenta ba a yi shi don zama da jiƙaƙƙen kabon dayoksaid da iskar salfa ba, za su ci shi ta ciki inda ido ba ya gani.

21 ga Nuwamba, 2024

An ɗebo ruwa na farko daga magudanar wata mayanka da safe, lokacin da yanka ya yi nisa ana wanke daɓe. Sarkin fawa ya ba mu izini ba tare da ja-in-ja ba, ya kuma sa yaro ya nuna mana inda ruwan jini ke haɗuwa da na wankin kayan ciki. Ƙarfin ruwan yana sauyawa daga awa zuwa awa, saboda jini shi kaɗai yana ɗauke da datti mai yawan gaske. A ma'aunin da masana ke kira COD, wato yawan oksijin da ake buƙata don ƙone dattin da ke cikin ruwa, lita ɗaya ta jini zalla ta haura giram 300. Saboda haka muka tace ruwan da rariya, muka bar shi ya kwanta, muka yaye kitsen da ya taso, sannan muka daidaita shi ta yadda halittun za su riƙa samun kusan giram 10 na COD a kowace lita. Cire kitsen ya zama dole a wannan mataki, domin yakan lulluɓe lakar ya ɗaga ta sama, kuma asid ɗin da ke fita daga gare shi yana danne halittun metan.

Batun iri, wato lakar da za ta kawo halittun, ya ɗauki muhawara. Abin da ke cikin tumbin saniya yana da halittun metan da yawa, amma akasarinsu masu cin haidirojin ne da kabon dayoksaid. A tukunya irin tamu kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na metan yana fitowa ne daga asetik asid, wanda shi ne tsamin binega, kuma masu cin sa, irin su Methanothrix da Methanosarcina, ba su da yawa a tumbi, ga su da jinkirin hayayyafa. Don haka muka samo laka daga wani ramin bayogas na kashin shanu da ya daɗe yana aiki, muka haɗa da ɗan abin tumbi kaɗan, muka raba daidai tsakanin tukwanen biyu, muka kore iskar da ke sama da naitirojin, muka rufe.

9 ga Disamba, 2024

Hunturu ya shigo, kuma sanyin dare yana sauka ƙasa da abin da halittun ke so. Sun fi walwala a zafi na digiri 35 zuwa 37 a ma'aunin Selsiyos. An zaunar da tukwanen cikin bahon ruwa mai hita da na'urar daidaita zafi, an haɗa hitar da batir da inbata saboda ɗaukewar wuta, an kuma naɗe bahon da katifar soso. Har yanzu bawul ɗin tukunyar matsi a buɗe yake, tukwanen biyu suna aiki iri ɗaya, ana ba kowacce mililita 400 na ruwan mayanka a rana ana cire adadin haka, wanda ke nufin ruwa yana zama kwana 20 a ciki. Gas ɗin da ke fita daga dukkansu ya fara kama wuta.

23 ga Disamba, 2024

Mako guda da ya wuce muka rufe bawul ɗin tukunyar matsi, kuma allurar agogo tana hawa kusan yadda lissafi ya faɗa. Lissafin kuwa mai sauƙi ne, ya kamata kowane ɗalibi ya iya shi da ka: kowane giram ɗaya na COD da halittu suka cinye yana ba da mililita 350 na metan idan an auna a digiri sifili da matsin sararin sama. A sararin lita 2 da zafi na digiri 35, ana buƙatar a cinye kusan giram 28 kafin metan shi kaɗai ya kai bar 5, idan an haɗa da ɗan abin da ke narkewa cikin lita 8 na ruwa. Da ciyarwar giram 4 a rana, wannan aikin mako guda ne da 'yan kwanaki.

Ciyar da tukunyar da ke da matsi yana da nasa wahalar, tunda ba a buɗe murfi a zuba. Mai walda ya haɗa mana wani ɗan bututu mai bawul biyu, ana cika shi da ruwan mayanka a rufe na waje, a tura da famfon hannu, sannan a buɗe na ciki. Wani abin lura kuma shi ne cewa agogo ba ya nuna aikin halittu kaɗai. Idan zafin tukunya ya sauka daga digiri 35 zuwa 25, matsi yakan ragu da kusan kashi 3 cikin 100 saboda iskar ta takure, sannan ya ƙara raguwa saboda ruwan sanyi ya fi shan gas. Duk wanda ya karanta agogo dole ya rubuta zafin bahon a gefensa, kuma a lissafi ana ƙara bar ɗaya na sararin sama a kan abin da allura ta nuna.

13 ga Janairu, 2025

Tukunyar tana zaune a bar 5 a agogo, ana sakin gas kaɗan kaɗan kowace rana don kada ta wuce. Mun auna ingancin gas ta hanyar da kowane ɗakin gwaji zai iya: a zuƙi mililita 100 a sirinji, a tura shi cikin ruwan soda mai ƙarfi, a girgiza, sodar ta shanye kabon dayoksaid da iskar salfa, abin da ya saura shi ne metan. Tukunyar kwatance tana ba da metan kashi 70 da 'yan kai, ta matsi kuma ta ɗan haura kashi 80. Bambancin a fili yake ko a harshen wuta, na matsin ya fi shuɗi kuma ya fi tsayuwa.

Auna tsamin ruwan shi ne abin da ya fi buƙatar kula. Da zarar an buɗe bawul an ɗebo ruwan cikin kofi, sai ya yi ta kumfa kamar kwalbar lemo da aka buɗe, kabon dayoksaid ɗin ya gudu, ma'aunin pH, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ya nuna lamba mai kyau wadda ba ita ce gaskiyar abin da halittu ke zaune a ciki ba. Ba mu da sandar auna pH mai jure matsi, don haka muna lissafa shi daga abubuwa biyu da muke iya aunawa, wato yawan baikabonet, gishirin da ke tare tsami, a ruwan da kuma kason kabon dayoksaid a gas. Kofi yana nuna sama da 7, lissafi kuwa yana nuna kusan 6.5 a cikin tukunya. Lambar lissafin ita muke rubutawa a matsayin ta gaskiya.

27 ga Janairu, 2025

Makon nan hawan matsi bayan ciyarwa ya yi sanyi, kuma ruwan da ake cirewa ya sauya wari, ya fi tsami. Mun yi gwajin ɗiga salfiyurik asid a kan samfuri, ana tsayawa a pH 5.0 sannan a 4.4, wanda ke ba da kwatancin yawan asid ɗin da ya taru a kan ƙarfin ruwan na kashe tsami. A tukunya mai lafiya wannan rabo ba ya wuce 0.3 zuwa 0.4. Ta kwatance tana nan a cikin iyaka, ta matsi ta fita. Mun rage ciyarwa zuwa rabi.

Abin da ke faruwa yana da bayani. Narkar da datti a rufe aiki ne na ƙungiyoyin halittu da ke miƙa wa juna. Na farko suna farfasa furotin da kitse da sitaci, na biyu su mai da su asid iri iri, na uku su mai da waɗannan asid zuwa asetik asid da haidirojin, na ƙarshe su yi metan. Masu yin asid ba su damu da tsami ba, suna ci gaba da aiki ko pH ya sauka zuwa 5.5, amma masu yin metan suna raunana idan ya yi ƙasa da 6.5. Idan na ƙarshen suka ja baya, asid ya taru, tsami ya ƙaru, su ƙara ja baya. Mafi taurin kai a cikin waɗannan asid shi ne firofiyonik, domin halittun da ke cin sa ba sa samun wani ƙarfi mai yawa daga aikin, sai idan an kwashe haidirojin da sauran abin da suka fitar nan take. Masu binciken Holan sun nuna cewa yawan kabon dayoksaid a ƙarƙashin matsi yana rage saurin cin firofiyonik, kuma abin da muke gani ya yi daidai da haka.

A nan ne ruwan mayanka yake da wata baiwa da ruwan sitaci ko na sukari ba shi da ita. Furotin ɗin jini idan ya ruɓe yana fitar da amoniya, ita kuma tana kama kabon dayoksaid ta zama amoniyom baikabonet, wanda ke tare tsami. Kowane giram na naitirojin da ya fito ta wannan hanya yana ba da ƙarfin kashe tsami daidai da giram 3.6 na farar ƙasa. A tukunya ta yau da kullum yawan amoniya matsala ce, domin idan pH ya hau takan koma siffar da ke da guba ga halittu. A ƙarƙashin matsi kuwa pH yana ƙasa, don haka gubarta ba ta da ƙarfi. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa ruwan mayanka ya cancanci a gwada shi da wannan dabara tun farko, sai dai a ƙarfin da muke ciyarwa amoniyar ba ta kai ta riƙe ruwan ita kaɗai ba.

10 ga Fabrairu, 2025

Tunda ruwan yana buƙatar abin da zai ƙara masa ƙarfin tare tsami, muka duba abin da ke kusa da hannu, wato kanwa. Kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga gishirin sodiyom ce, cakuɗen kabonet da baikabonet, kuma kowannensu yana da nasa aiki daban a tukunya. Baikabonet yana ɗaga pH amma ba ya shan ƙarin kabon dayoksaid, tunda ya riga ya ƙoshi. Kabonet kuwa yana kama kabon dayoksaid ya koma baikabonet, don haka yana gyara tsami kuma yana ƙara tsabtace gas a lokaci guda. Lissafinmu ya nuna cewa giram 3 na tsantsar kanwa a kowace lita zai ninka baikabonet ɗin ruwan, ya ɗaga pH daga kusan 6.5 zuwa kusan 6.8, ya kuma ƙara wa metan kashi uku ko huɗu.

Kanwar kasuwa ba tsantsa ba ce. Akwai yashi a cikinta, akwai gishirin ci, akwai kuma salfet, kuma yawansu ya danganta da inda aka haƙo ta. Mun jiƙa ta a ruwan ɗumi, muka tace, muka auna ƙarfinta da asid kafin a yi amfani da ita, kuma duk sabon buhu sai an sake wannan awo. Abubuwa biyu muke sa wa ido. Na farko sodiyom, wanda tun a 1964 Perry McCarty na Jami'ar Stanford ya rubuta cewa yana fara takura wa halittun metan daga giram 3.5 zuwa 5.5 a lita, ya danne su sosai a giram 8. Adadin da muke zubawa yana kawo kusan giram 1, don haka akwai tazara. Na biyu salfet, wanda wasu halittu ke mai da shi haidirojin salfaid, wato iskar salfa, su kuma yi gasar abinci da masu yin metan.

Akwai tambayar da ta wuce ɗakin gwaji wadda nake so ta zauna a rubuce tun yanzu. Ruwan da ke fita daga irin wannan tukunya yana da naitirojin, manoman rani za su so shi, amma ruwan da aka ɗora wa sodiyom idan aka daɗe ana ban ruwa da shi yana lalata ƙasa, ya sa ta daskare ta daina shan ruwa. Idan aikin ya girma, dole a gwada farar ƙasa ko tokar itace a madadin kanwa, ko a ƙara kason jini a ciyarwa domin amoniya ta ɗauki nauyin.

24 ga Fabrairu, 2025

An koma cikakkiyar ciyarwa sannu a hankali. Rabon asid ya dawo cikin iyaka, pH na lissafi yana kusa da 6.8, metan kuma yana kai kashi 85 cikin 100. Haidirojin salfaid ya ɗan ƙaru kamar yadda muka zata. Ya fi kabon dayoksaid narkewa a ruwa kusan sau uku, saboda haka matsi yana rage shi a gas, amma yana fitowa gaba ɗaya lokacin da ake cire ruwa, da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Iska ce mai kisa idan ta yi yawa, kuma tana kashe jin wari kafin ta kai nan, don haka yanzu ana cire ruwa ne ta bututun da ke fita waje. A hanyar gas kuma an sa gwangwani cike da ɓarɓashin ƙarfe mai tsatsa, wanda ke kama salfar ya yi baƙi.

17 ga Maris, 2025

Azumi ya sa mun mai da aikin ɗiba da ciyarwa zuwa sassafe. Cikin makonnin nan mun mai da hankali ga wani sashe da ake yawan tsallakewa idan ana yabon wannan dabara, wato metan ɗin da ke fita a narke cikin ruwa. Ƙa'idar Henry ba ta ware metan ba. Narkewarsa kaɗan ce, amma ita ma tana ƙaruwa da matsi. A bar 5 na metan da zafi na digiri 35, kowace lita ta ruwan da aka cire tana ɗauke da kusan mililita 130 na metan, wanda zai tashi sama da zarar ruwan ya sha iska.

Ga ruwa mai ƙarfi irin namu asarar ba ta da yawa. Lita ɗaya mai giram 10 na COD tana ba da lita 3.5 na metan, don haka abin da ke zurarewa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Amma a ɗauki ruwan magudanar gari na wanka da wanki da bayan gida, wanda COD ɗinsa yakan tsaya wajen rabin giram a lita. Iyakar metan ɗin da zai bayar mililita 175 ne, kuma a matsi irin namu kusan kashi uku cikin huɗu zai bi ruwa ya fita. Metan kuwa ya fi kabon dayoksaid ɗumama duniya kusan sau 28 a ma'aunin shekara 100. Wanda ya gina irin wannan tukunya a kan tsinkakken ruwa ba tare da ya tanadi hanyar kama wannan gas ba, ya cutar da muhallin da ya ce zai gyara. Ga tsinkakken ruwa, tsarin UASB, wato tukunyar da ruwa ke ratsa laka daga ƙasa zuwa sama, da Gatze Lettinga ya ƙirƙiro a Wageningen ta ƙasar Holan cikin shekarun 1970, wanda ke aiki ba tare da matsi ba, ya fi dacewa, kodayake shi ma yana asarar wani kaso ta wannan hanya. Tukunyar matsi wurinta ruwa mai kauri ne, na mayanka da masana'antun abinci.

Mun haɗa wata ƙaramar tukunya a bakin fita, inda ruwan ke sauka daga bar 5 zuwa kusan bar 1 a rufe kafin a sake shi. Metan ne ke fara tserewa da ɗan kabon dayoksaid, ana tara su a jaka. Wannan gas na biyu ba shi da inganci kamar na farko, amma yana kama wuta, kuma a babban aiki shi ya kamata a ƙona don ɗumama tukunyar.

7 ga Afrilu, 2025

Bayan Sallah mun gayyaci sarkin fawa da wasu mahauta biyu su ga abin da ake yi da ruwansu. Da aka kunna wutar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, to yaushe za ku fara cika mana tukunyar gas mu kai gida?" Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan gas ba irin na tukunyar girki ba ne." Na yi masa bayani cewa gas ɗin da ake saye a gidan mai yana komawa ruwa da ɗan matsi kaɗan, shi ya sa tukunya ɗaya ke ɗaukar kilo 12.5. Metan kuwa ba ya komawa ruwa komai matsin da aka yi masa sai an sanyaya shi ƙasa da digiri 82 ƙarƙashin sifili. Idan aka cika tukunyar kilo 12.5 da metan a bar 5, ƙarfin da ke ciki bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da take ɗauka na gas ɗin girki ba. Motocin da ake mayarwa masu amfani da CNG, wato iskar gas da aka matse, waɗanda suka yawaita a Nijeriya bayan cire tallafin man fetur a 2023, tukwanensu ana danna su ne zuwa bar 200, kuma kai gas ɗinmu can sai da kwamfuresa da ƙarin tacewa da busarwa.

Na faɗa musu kuma cewa tukunyar da suke gani tana ba da metan kusan lita ɗaya da rabi a rana, wanda ba zai tafasa kofin shayi ɗaya ba, domin an yi ta ne don awo. Amfanin matsi na bar 5 a babban aiki shi ne gas zai iya bin bututu da kansa zuwa wurin babbakar kai da ƙafa ko tukunyar ruwan zafi a cikin mayankar, ba tare da fanka ko lantarki ba, kuma janareta zai fi jin daɗin gas mai kashi 85. Batun babbaka ya ja hankalinsu ƙwarai, domin sun san illar hayaƙin tsohuwar taya ga ƙirjin masu aikin da kuma naman kansa.

21 ga Afrilu, 2025

Zafin bazara ya juya matsalar hunturu. Da rana ɗakin yana haura digiri 40, hitar ba ta kunnuwa, kuma ruwan bahon yana wuce 37 sai an sauya shi da na randa. Ruwan zafi ba ya riƙe gas kamar na sanyi, don haka kason metan yakan sauka kaɗan da yamma ya dawo da asuba. Wannan yana nufin babbar tukunya a wannan yanki ta fi buƙatar inuwa ko binnewa a ƙasa fiye da hita a mafi yawan watannin shekara.

Mun tsaida abin da za a yi daga nan zuwa faɗuwar damina. Za a ɗaga kason jini a ciyarwa mataki mataki ana rage kanwa, ana auna amoniya sau biyu a mako, domin a ga ko ruwan zai iya riƙe pH 6.8 da kansa. Za a saukar da matsi zuwa bar 3 na tsawon kwana 60, wato zagayen ruwa uku, don a san nawa ne ake rasawa a inganci idan aka zaɓi tukunya mai arha wadda ba ta buƙatar ƙarfe mai kauri. An kuma shirya samfuran ruwa a cikin firji domin a kai su wani ɗakin gwaji mai na'urar rarrabe asid, a tantance yawan firofiyonik kai tsaye maimakon dogaro da ɗigon asid. Gwajin bar 3 zai fara ranar 28 ga wata, bayan an sake duba bawul ɗin tsaro da mahaɗan bututu da kumfar sabulu.